Dashenmu ya mutu a laka: ta ina za mu sake farawa?

Mai Auna Ruwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau na dawo daga fili raina a ɓace, shi ya sa na ce bari in kawo maganar gaban waɗanda suka riga ni shiga laka.

Wata takwas ke nan da muka yi dashen mangurof a wani fili da ke bakin teku. Ranar aikin mutane sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu, aka ja igiya, aka jera tsiron layi-layi. Irin nan mai saiwoyi kamar ƙafafu muka dasa, wanda masana ke kira Rhizophora, domin shi ya fi sauƙin samu. Tsironsa dogo ne kamar kyandir, ka soka shi a laka ka wuce. Yau da sassafe da ruwa ya janye muka koma ƙirga. A layukan gaba, wajen teku, sanduna ne kawai a tsaye, baƙaƙe, babu ganye ko ɗaya. Na kama guda na ja, sai ya biyo hannuna, gindinsa duk ya ruɓe. Waɗanda suka ɗan yi rai kuma wasu ƙananan halittu masu ɓawo sun manne musu tun daga ƙasa har wuya, nauyi ya kwantar da su. Cikin kowane goma da ƙyar na samu biyu masu ganye, su ma na layin baya ne, kusa da tudu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a bayanmu kaɗan akwai tsofaffin tafkunan kiwon jatan lande da aka yi watsi da su, kuma dattawan wurin sun ce a da duk daji ne. Ba mu taɓa su ba saboda suna da masu su. Sai muka je inda ba na kowa ba muka dasa. Yanzu ofis na jiran rahoto, fom ɗin kuma adadin da aka dasa kawai ya tambaya, babu gurbin adadin da ya rayu. Me zan rubuta? In kuma za a sake, ta ina za a fara?

Sabon Shiga:
A gafarce ni, ni sabo ne a nan. Wannan mangurof ɗin, yana da dangantaka da mangwaro ne?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Sabon Shiga, babu dangantaka, sunan ne kawai ya yi kama. Itatuwa ne da ke rayuwa a gaɓar teku da bakin koguna a ƙasashe masu zafi, cikin laka mai gishiri wadda teku ke rufewa ya kuma buɗe, sau biyu a rana a yawancin gaɓoɓi. A ƙiyasin 2020 faɗinsu duk duniya kusan murabba'in kilomita 147,000 ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar yana Indunisiya. Mafi girma a dunƙule shi ne Sundarbans, tsakanin Bangaladash da Indiya, wajen murabba'in kilomita 10,000. A cikin saiwoyinsu 'ya'yan kifi da kaguwa da jatan lande ke girma kafin su fita teku. A 2024 IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu da muhallinsu, ta ce kusan rabin irin wannan daji na cikin haɗarin rushewa nan da 2050. Baba, filin naka ne.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
'Yata, kwantar da hankalinki, ba a kanki aka fara ba. Tambaya ɗaya zan yi miki: filin da kuka dasa, an taɓa ganin mangurof a kansa? In amsar a'a ce, to ba hannunku ne ya kashe dashen ba, ruwa ne.

Mutane na ganin itacen nan a tsaye cikin ruwa sai su ɗauka ba ya gajiya da shi. Alhali numfashi yake yi ta saiwa. Lakar da yake kai babu iska a cikinta, kin dai ji warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi in ƙafa ta nutse. Shi ya sa wani ke fito da saiwoyi kamar ƙafafu, wani kuma, wato Avicennia, yake turo su sama kamar an kakkafa fensura. Dole saiwoyin nan su samu lokacin shan iska. Marigayi Robin Lewis, masanin nan na Fulorida a Amurka da ya ƙarar da rayuwarsa a wannan aiki, ya sha nanata cewa mangurof na zama ne inda ruwa ke rufe ƙasa kashi 30 cikin ɗari na lokaci ko ƙasa da haka. Wato daga matsakaicin tsayin teku zuwa sama. Duk abin da ke ƙasa da wannan layi filin laka ne ko na ciyawar teku, kuma yana da nasa amfanin, a nan tsuntsaye masu ƙaura ke kiwo. Bambancin taƙi biyu ko uku a tudun ƙasa ya isa ya raba mai rai da matacce. Layinku na baya da ya rayu, shaida ke nan.

Abin da ya same ku ya samu manyan ayyuka. Bayan igiyar tsunami ta 2004 an zuba kuɗi a Siri Lanka aka dasa fiye da hekta 1,000. Da masu bincike suka bi wurare 23 suka duba, tara ba su da ko tsiro ɗaya mai rai, uku ne kawai fiye da rabin dashensu ya rayu. A Filifin, Dakta Jurgenne Primavera da abokiyar aikinta sun nuna a 2008 cewa bayan shekaru ana dashe, abin da ke rayuwa bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba, kuma dalilin shi ne naku sak: Rhizophora a filin da teku ke bugu, saboda filin ba shi da mai shi kuma tsiron na da sauƙin sokawa.

Shi kuwa Lewis, a West Lake da ke Fulorida, ya farfaɗo da wajen hekta 500 ba tare da ya dasa ba. Tudun ƙasa ya gyara, ya haƙa ƙoramu masu lanƙwasa irin na asali, sai ruwa ya ɗauko 'ya'yan itatuwa daga dajin da ke kusa ya ajiye kowanne inda ya dace da shi. Kuma kada ki riƙe wata ƙa'ida guda kan wane iri ne ke gaba. A gaɓoɓin Asiya masu fuskantar igiyar ruwa, Avicennia da Sonneratia ne ke gaba. A ƙoramun Afirka ta Yamma kuwa Rhizophora ne a bakin ruwa, Avicennia na bayansa. Dajin asali mafi kusa da ke shi ne malaminki.

Uwar Dashe:
Baba, na yarda da maganar ruwa, amma yadda ake yi wa dashe kallon raini kwanan nan yana damuna. Shekaru nake renon tsiro tare da mata, kuma na ga wuraren da aka gyara ruwa aka zauna jira shekara biyu ba abin da ya fito, domin babu uwa ko ɗaya a kusa da za ta zubar da 'ya'ya. In an kare daji ƙaf, wa zai kawo irin? A Senegal fa, ƙungiyar Oceanium ƙarƙashin Haïdar El Ali ta fara a Kasamans a 2006, mutanen ɗaruruwan ƙauyuka suka soka miliyoyin tsiro da hannunsu, kuma akwai wuraren da yau daji ne ka shiga da kwale-kwale.

Akwai kuma abin da ba a aunawa da sanda. Matar da ta soka tsiro da hannunta, in ta ga wani ya zo da adda, ita za ta fara yi masa magana. Ranar dashe ita ce ranar da mutane ke ɗaukar dajin a matsayin nasu. In aka ce musu ku zauna ruwa zai yi komai, anya ba za su ce aikin injiniyoyi ne su watse ba?

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Hajiya, gaskiyarki, kuma ban ce a daina dashe ba. A Kasamans inda suka dace, ai tsohon wurin mangurof ne da fari na shekarun 1970 da 1980 da sara suka kashe, tudun ƙasa na nan daidai, iri ne kawai ya yi ƙaranci. A irin wannan wuri dashe magani ne. Abin da nake ƙi shi ne a fara da shi kafin a san abin da ya hana dajin dawowa da kansa. Haƙa ƙorama da fasa ganuwa ma da hannun mutane ake yi, da fartanya da shebur, kuma ya fi dashe cin ma'aikata.

Gargaɗi ɗaya tunda an taɓo maganar iri: kada a ɗauko baƙo. A 1906 aka kawo wani nau'in kwakwar ruwa mai suna nipa daga Singafo zuwa Kalaba don ya riƙe gaɓa. Yau ya mamaye ƙoramu da dama a wannan yanki har Kamaru, yana cike duk inda aka sare na asali.

Mai Tafki:
Na karanta duka, kuma na san inda maganar ta dosa: mu masu tafki mu ne ɓarayin daji. To bari in faɗi nawa. Tafkina gado ne, mahaifina ya haƙa shi a lokacin da hukuma da kanta ke ƙarfafa wa mutane gwiwa su haƙa, har da bashi ake bayarwa. A wancan zamani ana kiran dajin nan wurin banza, matattarar sauro. Yanzu ra'ayi ya juya, sai ga matasa da kwamfuta da hoton tauraron ɗan'adam suna nuna mini cewa gonata tabo ce a taswira.

Wasu ma'aikata sun taɓa zuwa wurina, ba zan kama sunan ƙungiyarsu ba. Suka ce in fasa ganuwa in bar teku ya shiga. Na ce to me zan ci da iyalina? Suka ce za a ba ni horo. Suka tafi, ban sake jin ɗuriyarsu ba. Malama Mai Auna Ruwa, kin ce tafkunan da ke bayanku an yi watsi da su. Kin tambayi masu su dalili? Ba wanda ke barin tafkinsa don ya ƙoshi. Ko cuta ce ta share masa jatan lande a mako ɗaya, ko bashi ne ya ci shi, ko ƙasar ce ta daina bayarwa. Kuma ko kufai ne, shi ne kaɗai abin da yake da takarda a kansa. Ranar da itace ya tsiro a ciki, a ƙasashe da yawa doka za ta ce ya zama daji mai kariya, ba zai iya taɓa shi ba har abada. Shi ya sa wasu ke tumɓuke tsiron da ya fito da kansa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne.

Malamin Ƙasa:
Malam Mai Tafki, wannan magana ta ƙarshe da ka yi ita ce gaskiyar da rahotanni ke tsallakewa, na gode da ka faɗe ta. Kuma ba daidai ba ne a ɗora wa kiwo laifin duka. Wani bincike kan Kudu maso Gabashin Asiya tsakanin 2000 da 2012 ya gano kiwon kifi da jatan lande ne ya ci wajen kashi 30 cikin ɗari na dajin da aka rasa, noman shinkafa kashi 22, gonakin kwakwar manja kashi 16. Sai dai shi ne na ɗaya a jerin, wannan ma dole a faɗa. Filifin na da kusan hekta 450,000 na mangurof a 1918, zuwa tsakiyar shekarun 1990 saura wajen 120,000, kuma tafkuna ne suka ci kaso mafi tsoka.

Ka ce ƙasa na daina bayarwa. Ruwa ba ya tsami banza, a nan ma har a zahiri. Lakar mangurof na ɗauke da wani ma'adini na ƙarfe da farar wuta. Muddin tana jiƙe ba iska, ba ya cutar da kowa. Ranar da aka haƙa tafki aka tara lakar a matsayin ganuwa rana ta busar da ita, iska ta shiga, sai ya koma asid. Ma'aunin tsami na pH, wanda saukarsa ke nufin ƙarin tsami, na iya sauka ƙasa da 4. Za ka ga jan tsatsa a gefen ruwa da ɗigon rawaya a jikin busasshiyar laka. Ruwan sama na farko ya wanko shi cikin tafki, kifi su taso sama suna haki. Manomi ya yi ta zuba farar ƙasa, kuɗi na tafiya. Wato wurin da aka sare daji don a yi tafki, sau da yawa shi ne mafi munin wurin tafki.

Sai cuta. In aka cunkusa jatan lande da yawa, maƙwabta kuma kowa na jan ruwa daga ƙoramar da wani ya zubar da nasa, cuta ɗaya ta ishi kowa. Cutar farin tabo ta shiga Ekwado a 1999 ta durƙusar da sana'ar. Wata mai kashe su tun suna ƙanana ta ɓulla a Sin a 2009, ta isa Tailan, a 2013 abin da ƙasar ke samarwa ya faɗi kusan rabi. Masu jari su tattara su koma sabon wuri, su bar wa mutanen gari ramuka.

Mai Tafki:
Jan tsatsan nan na san shi sarai, Malam, duk farkon damina sai na gan shi. To amma kun faɗi ciwo, ina magani? Ni ba zan fasa ganuwata in koma bara ba.

Mai Bin Kasuwa:
Yaya, akwai hanyar tsakiya, kuma ba a takarda kawai take ba. A lardin Ca Mau da ke ƙarshen kudancin Biyetnam, dubban iyalai na kiwon jatan lande a cikin dajin kansa. Itatuwa na tsakiya a kan tudu, ramukan ruwa na zagaye da su. Ba a cunkusawa, yawanci ba a sayen abinci ko magani, ganyen da ya zuba ya ruɓe shi ke haifar da abin da suke ci, ana canja ruwa ta ƙofa idan teku ya ciko. Ana haɗawa da kaguwa da kifi, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Ƙa'idar yankin ita ce kashi 60 daji, kashi 40 ruwa, masu ba da shaidar kiwo ba sinadari kuma na neman aƙalla rabin gonar ya zama itatuwa. A Indunisiya ma suna da irinsa, suna kiransa empang parit. Dakta Primavera kuwa ta fi tsanani, shawararta hekta huɗu na daji a kan kowace hekta ɗaya ta tafki.

Amma kada in yi maka daɗin baki. Abin da za ka kwasa a hekta bai kai kusa da na mai cunkusa jatan lande yana busa wa ruwan iska da inji ba. Ribar ita ce ba ka kashe kuɗi sosai, kuma cuta ba ta share ka a dare ɗaya. In inuwa ta yi yawa ko ganye ya taru ruwa bai gudana, shi ma yana rage amfanin, sai ana sassabe. Ta fuskar kasuwa kuma, ƙa'idar ASC, ƙungiyar da ke ba da shaidar kyakkyawan kiwon kifi da jatan lande, ba ta ba da shaida ga gonar da aka sare mangurof aka yi ta bayan watan Mayun 1999. Tunda naka na gado ne, mai yiwuwa wannan bai shafe ka ba. Matsalar ita ce kuɗin binciken shaida ya fi ƙarfin ƙaramin manomi shi kaɗai, sai an haɗu a ƙungiya.

Malamin Ƙasa:
In ƙara kaɗan. Itatuwan da ke cikin ganuwa a rufe ba daidai suke da dajin da teku ke shiga ya fita yadda ya so ba. 'Ya'yan kifin teku ba sa samun shiga su yi girma a ciki kamar da. Ya fi rami tsirara nesa ba kusa ba, amma kada a ƙirga shi a matsayin daji cikakke.

Uwar Dashe:
Tun ɗazu ana ta maganar mai tafki da ma'aikaci, an manta da mutum na uku. Kafin a haƙa tafki, wa ke shiga dajin? Mata ne masu ciro kawa, wato wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, daga jikin saiwa, da masu kamun kaguwa, da masu itacen girki. Ba su da takarda, don haka ranar da aka yi ganuwa aka sa mai gadi, ba wanda ya biya su ko sisi. In an zo farfaɗo da daji kuma aka ce an hana shiga, su ne dai a waje karo na biyu.

Ku dubi matan Gambiya. Ƙungiyarsu ta masu ciro kawa, TRY, an kafa ta a 2007, kuma a 2012 gwamnati ta ba su haƙƙin cin moriyar kawa a fadamar Tanbi su kaɗai. Su da kansu suka amince a rufe wata takwas a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni, suka daina sare saiwa gaba ɗaya don a samu abin da ke jikinta. Kawa ta samu lokacin girma, daji ya huta. Shi ma kiwo ne, ana iya rataya tsofaffin ɓawo a igiya 'ya'yan su manne, ba ya buƙatar a sare ko reshe ɗaya, ba ya buƙatar abinci. Duk wanda ke neman kiwo mai ɗorewa, ya fara da halittun da ke tace ruwa su ci. Malama, in za ki zauna da masu tafki, ki tabbata matan nan na wurin, kuma ba a bayan taro ba.

Sabon Shiga:
Na ji ana cewa ana sayar da kabon ɗin da dajin ke riƙewa. Ba za a biya Malam Mai Tafki da wannan kuɗin ba?

Malamin Ƙasa:
Ana yi, masu fitar da hayaƙi ne ke biya don kabon ya zauna a daji maimakon ya shiga iska. Wani bincike na 2011 a yankin tekun Indiya da Fasifik ya samu kusan tan 1,000 na kabon a kowace hekta, mafi yawansa a cikin laka yake, ba a jikin itace ba. Shi ya sa haƙa tafki ke sakin abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa. A Gazi da ke gaɓar Kenya, shirin Mikoko Pamoja ya fara a 2013 da hekta 117, yana sayar da wajen tan 3,000 na iskar kabon a shekara, kuɗin na tafiya ga ruwan sha da littattafan makaranta. Ka lura da girman abin: ya ishi gari ya haƙa rijiya, bai isa ya maye gurbin sana'ar kowane gida ba. Kuma kafin a sayar da tan ɗaya sai an yi shekaru ana aune-aune, a shata fili mita 10 sau 10, a auna kaurin kowane itace, a ciro laka da bututu a kai ɗakin gwaji, sannan a tabbatar wa ke da ƙasar. Kada a yi wa kowa alkawarin kuɗin kabon a zaman farko.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Malam Mai Tafki, bar maganar kabon, dubi ganuwarka. Sau nawa kake gyara ta a shekara? An auna cewa mita 100 na mangurof na rage tsayin igiyar ruwa da kashi 13 zuwa 66 cikin ɗari, gwargwadon kaurin dajin. A Demak da ke tsibirin Jawa an sare daji an yi tafkuna, ƙasa kuma na nutsewa saboda jan ruwan ƙarƙashinta, teku ya cinye tafkunan har da ƙauyuka. Daga 2015 sai ga masu tafki da kansu suna kafa shingayen gora da rassa a cikin ruwa don laka ta taru, wasu suka ja ganuwarsu baya suka bar wa itatuwa bakin ƙorama. Ba don son tsuntsaye suka yi ba, don tafkin ya tsira ne.

Mai Tafki:
Sau biyu, Baba, wani lokaci uku. Bara da daddare ta fashe, rabin abin da na rena ya bi ruwa. In bakin ƙorama ne kawai, kuma a rubuce cewa ƙasar tawa ce ko itace ya fito, wannan maganar zama ce.

Mai Auna Ruwa:
Na ɓace kwana tara, ku gafarce ni, ina fili. Ga abin da na yi.

Na yanke sanduna shida, na ɗaura wa kowace ƙananan kofunan roba a jere, taƙi ɗaya tsakani. Biyu na kafa inda dashenmu ya mutu, ɗaya a layin da ya rayu, ɗaya a bakin dajin asali da ke ƙetaren ƙorama, biyu a cikin tsohon tafki ta wata ɓaraka da ke jikin ganuwar. Kullum in ruwa ya janye in je in ga kofi nawa suka cika, in zubar in rubuta. Da yake lokacin janyewar na matsawa da kusan minti 50 kowace rana, abin da na fara da hantsi sai da ya kai ni la'asar. Na kama lokacin cikar wata, da teku ke cikowa sosai, da kuma kwanakin da ya lafa. Baba, maganarka ce. Inda muka dasa, kofuna uku suka fi na dajin asali cika, kuma ko a kwanakin lafawa ruwa na daɗewa a kai. Gefen tafkin kuwa daidai yake da dajin. Har na ga 'yan tsiron Avicennia guda bakwai da suka shigo ta ɓarakar da kansu, na shafa ganyen ɗaya na ji gishiri a yatsana. Tsakiyar tafkin ne ya yi zurfi, ruwa na kwanciya.

Na samu mai tafkin. Dattijo ne, cuta ce ta kore shi, kuma abin da ya fara tambayata shi ne abin da Malam Mai Tafki ya faɗa, kalma da kalma. Bai amince ba tukuna, amma ya ce in dawo da shugabar mata masu kawa da wanda zai iya sa hannu a takarda. Rahoton kuma na rubuta adadin da aka dasa, na ƙara layi da hannuna na sa adadin da ya rayu, na haɗa da lissafin kofunan. Shugabana bai ji daɗi ba, amma bai ce in cire ba.

Saura tambaya: in ya yarda, a ina ake fasa ganuwar?

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Madalla 'yata, Allah ya yi albarka. Kada ki zaɓi wurin da kanki. Ki sa dattijon ya nuna miki inda tsohuwar ƙorama ta bi kafin a haƙa, zai tuna, kuma in ruwa ya janye za ki ga alamarta a laka. A nan za a fasa. Ki fi damuwa da fitar ruwa a kan shigarsa, ɓarakar ta yi faɗi da zurfin da tafkin zai tsane duk janyewa, in ba haka ba kin yi kududdufi ne. Ƙasar ganuwar da aka fasa a tura ta tsakiya a yi tuddai inda ya yi zurfi. Kuma ki sanar da maƙwabta masu kiwo ranar da za a yi, su rufe ƙofofinsu, domin ruwan farko da zai fito na iya zama mai tsami. Daga nan ki bar shi ya ga lokacin zubar 'ya'ya guda, in bai cika ba ki kira Hajiya.

Uwar Dashe:
Ina nan. Ki turo mini hoton tsiron nan bakwai, da na itatuwan da ke ƙetaren ƙorama, in ga irin da zan fara tanada.